Wayar Ɗaurin Rodi da Turmin Inna

Ranar wata Juma'a ce a farkon damina, shekara biyar da komawar soja bariki, na dawo daga makaranta da takalmina a hannu saboda caɓi, na tarar da jan fenti a bangon gidanmu na Durumi. Ko bushewa bai yi ba. Wani ya zana ƙatuwar alamar nan ta ekis tun daga ƙarƙashin taga har kusa da kwano, fentin yana ta zirara ƙasa kamar an yanka rago a jikin bangon, a gefe kuma an rubuta Litinin, ranar da za a zo rusau. Duk layinmu haka aka yi masa, gida bayan gida, har da masallacin langa-langa da shagon mai niƙa. Inna tana zaune a bakin ƙofa da faifan shinkafa a cinya, ba ta tsincewa, ba ta kuma ajiye ba. Ƙannena mata biyu sun laɓe a bayanta. Baba yana tsaye a tsakar gida ya goya hannu, amma shi ba bangon yake kallo ba. Mota yake kallo. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina aji biyu na sakandare, kuma ko ba a gaya mini ba na san abin da ke ransa: gida dai ya tafi, ba a ɗaukar gida a kai. Motar ce abin da ya rage mana a duniya, ita kuwa wata bakwai ke nan tana durƙushe a kan hancinta.

Baba direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani babba a wata ma'aikatar tarayya, irin 'yan bokon nan namu na arewa masu farar shadda da tabarau, waɗanda ke gaisawa da kai da yatsu biyu. Da aka ce kowane babba ya riƙa tuƙa kansa, sai aka sallami direbobi kamar an kakkaɓe tabarma. Ogan nasa bai zama mugu ba, ban kuma ce masa mutumin kirki ba. Ya ba Baba wata tsohuwar motarsa shuɗiya da ta gaji da zama a gareji, ya ce, “Malam Hudu, ka kai wa 'yan gwangwan, ka samu na cefane.” Baba bai kai ba. Ya wanke ta, ya gyara mata birki, ya ce kabu-kabu zai yi da ita, tunda garin cike yake da baƙi kuma kowa sauri yake. Sati biyu ya yi yana ɗibar fasinja. Ranar da zai cika na uku, ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe a gangaren rafin unguwarmu, ƙafar gaba ta dama ta karye, taya ta kwanta ciki kamar akuyar da aka ɗaure za a kai kasuwa. Ta hagun ma dama can tsiyayar mai take. Samari takwas ne suka turo ta har tsakar gidanmu, tun daga ranar ba ta sake taka titi ba.

A wata bakwai ɗin nan motar ta zama 'yar gida. Kazar Inna ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashinta. A kan bonet ake shanya tattasai da kuɓewa, a kan rufin kuma unifom ɗina. Ƙannena suna shiga su zauna a baya, ɗaya ta zama Hajiya ɗaya ta zama 'yar aiki, su yi ta ba direban da babu shi umarni. Baba kuwa duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya tayar da injin, ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya goge sitiyari da hularsa. Ni aikina na safe shi ne jarka huɗu daga bohol ɗin bayan coci, sannan sharar tsakar gida, sannan in ruga makaranta kafin a rufe ƙofa, don wanda ya makara gwiwa yake sa wa a kan tsakuwa, ya kuma yanke ciyawar filin ƙwallo har hannunsa ya yi kanta. Ranar Asabar ina gonar Baba Shekwolo. Shi Bagwari ne, ɗan asalin wurin, shi ya yanka wa Baba filin da muka yi gini a kai. Tsoho ne gajere mai faɗin ƙirji, kullum da kwalbar garin taba a aljihu, yana zuwa coci ran Lahadi, yana kuma aiko mana da doya ran sallah. Nakan taya shi kafa sanda a kunya, shi kuma ya gasa mini doya a toka ya zuba manja, matarsa ta wuce mu da ƙaton kaya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka.

Garin kuwa a lokacin haukan gini yake yi. In ka hau dutsen bayan gonar, duk inda ka juya ƙarafan ɗaga kaya ne a sama, tifa na shiga tifa na fita, ana cewa kuɗi ya zo. Mu dai ƙurar muka gani. Amma akwai abu ɗaya da ginin ya ba mu yara, wato wayar ɗaurin rodi. Masu ɗaura ƙarfen rufin siminti na benaye suna zubar da guntayenta, mu kuma mu bi mu tsince. Nakan tsuguna in yi ta kallon yadda suke yi: su ninka wayar biyu, su zagaya, su soka ƙusa a hancin, su murɗa har ta kama, ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma tsinke ba. Da ita nake ƙera motar waya. Sauran yara suna yin tasu da taya huɗu da sitiyari su ce sun gama. Ni tawa sai na naɗa mata waya a jikin biro na yi mata sifirin a kowace ƙafa, in ta hau dutse ta lotsa ta dawo. Har daga wata unguwa ake zuwa kallonta. Baba ya tsani wannan abu. Ranar da sakamakon jarrabawata ya fito na zo na talatin da wani abu, ya ɗauki wadda ta fi kowace kyau, ya ajiye a ƙasa, ya taka da takalmin aikinsa. Ya ce, “Na gaji da buɗe wa 'ya'yan mutane ƙofa. Kai za a buɗe wa.”

A nan sai na faɗi wani abu don yaran yanzu, waɗanda ubansu ke kiransu da suna har da sumba a goshi. Ni ɗan fari ne. A gidanmu, da duk gidajen da iyayena suka fito, ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Inna tana ce mini “kai wannan”, Baba yana ce mini “kai”, in kuma yana magana da wani sai ya ce “yaron nan”. Ba a yabonka, ba a wasa da kai, in ka yi ciwo ma sai a aiki ƙanwarka ta tambaye ka. Sunana Isuhu, amma a bakin maƙwabta da malaman makaranta kawai nake jin sa. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Haka na tarar. Sai dai yaro yaro ne, akwai ranar da zai so ya ji yadda sunansa yake a bakin ubansa.

Da asubar Asabar Baba ya naɗe rediyonsa da agogon hannunsa da takalmin nan na aiki a cikin buhu, ya ce in biyo shi. Muka bi hanyar ƙafa har Apo, wurin makanikai. Wanda bai san wurin ba a wancan zamani, to ya ɗauka gari ne guda da aka gina da baƙin mai da ƙarfe, ko'ina bugu, ko'ina hayaƙi, ana zagi da yare biyar. Kafin rana ta yi tsaka kayan buhun sun tafi, mun samu shoka biyu na ƙafar mota 'yan kwatano, wato na hannu, da bol-joyin na dama, mahaɗin da ke riƙe taya. Saura abu ɗaya. Shokar da muka saya tsirara suke, babu sifirin, dole a cire na jikin tsofaffin a mayar. Sifirin ɗin mota kuwa kaurinsa ya kai babban yatsa, a matse yake zaune, in ka kwance notin samansa ba ka danne shi ba, zai tashi da kanka. Akwai ƙarfen da ake matse shi da shi. Baba ya je wurin wani bakanike da ya sani tun yana kawo motar ofis, ya roƙi aron ƙarfen na kwana biyu. Mutumin ko fitowa daga ƙarƙashin motar da yake yi bai yi ba. Ya ce, “Oga direba, wannan ba murza sitiyari ba ne fa. Ka ga wancan?” Ya nuna wani da ke cin burodi da gefen baki, babu haƙoran gaba ko ɗaya. “Shekararsa goma a aikin nan, sifirin ya yi masa haka. Ka jawo motar nan, ko ka bar wa katafila ta yi mata tausa.” Yaransa suka kwashe da dariya. Baba ya ce masa Allah ya ba da kasuwa. Muka saɓa shoka ɗaya-ɗaya muka juyo gida.

Janwe kuwa, mai jan motar da ta lalace, ba maganarsa ake ba, duk wanda ke garin an riga an kama shi, unguwa uku aka shafa wa fenti a satin. Da muka iso mun tarar mutane sun fara cire ƙofofi da tagogi. Baba ya tsuguna a gaban motar ya daɗe. Dabarar ya riga ya san ta, ya taɓa gani a hanyar Lokoja: a bar nauyin motar ya danne sifirin, a ɗaure shi yana danne, sannan a ɗaga mota a zare. Abin ɗauri ne babu. Ya gwada igiyar guga, ya ja da hannu ya ga tana miƙewa, ya jefar. Ya gwada sarƙar kare da Baba Shekwolo ya kawo, ta ƙi shiga tsakanin zoben. Ni ina tsaye bakina yana ƙaiƙayi, tsoro ya hana ni. Can dai na shiga bayan ɗakin girki, na tono buhun da nake ɓoyewa tun ranar da aka taka mini mota, na zazzage shi a gabansa. Wayar ɗaurin rodi ce, naɗi-naɗi, ta fi wata shida ina tarawa. Na jira mari. Baba ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa da yatsu biyu, ya ce wannan ai ko kaza ba za ta riƙe ba. Na ce guda ɗaya ce ba za ta riƙe ba. Na ninka ta takwas, na zagaya ƙafar bencinmu biyu, na soka ƙusa na murɗa har katakon ya yi ƙara. Baba Shekwolo ya sa ƙafa ya taka, ya ja, ya yi tsalle a kai. Ya ce, “Malam, wannan waya ya fi ni da kai taurin kai.”

Sai rigimar turmi. Don hannu ya samu shiga wurin sifirin dole a cire taya, in kuma an cire taya dole ƙafar motar ta samu abin da za ta hau, mai tsayi daidai, wanda ba zai fashe ba. Bulo zai ruguje. Dutse zai zame. Baba ya waiga ya ga turmin Inna a jingine a bakin murhu. Turmin nan na ƙirya ne, da shi aka kawo ta gidan miji, ya yi baƙi ya yi sheƙi don tsufa, kuma ko zama a kansa aka ga yaro ya yi sai ya sha duka. Inna ta riga shi isa wurin. Ta ce, “Malam, bango an shafa masa ja na yi shiru. Rediyo ya tafi na yi shiru. Turmin ma?” Baba ya ce, “In motar nan ba ta fita ba, a ka za ki ɗauke shi zuwa inda ban sani ba. In ta fita, a gidan gaba zai zauna.” Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta kife turmin da kanta, ta gangaro shi har gaban motar, ta shimfiɗa masa tsumma a gindi. Da ta ji kuma hannuna ne zai shiga tsakanin ƙarfen, don na Baba ya yi kauri ba ya wucewa, sai ta kau da kai. Uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari a gaban mutane. Ta shige ɗaki ta saki labule, amma ina ganin yatsun ƙafarta a ƙarƙashinsa.

Muka ɗaga motar da jak, muka cire tayar dama, muka tura turmi, Baba ya sauke ta a hankali har ƙafar ta zauna daram a kan tsumman. Sifirin ya lotsa, amma bai isa ba. Baba ya fita layi ya kira duk wanda ya gani. Baba Shekwolo ya hau bonet, mai niƙa ya hau, ladanin masallacinmu ya hau, wata mai sayar da kunu da ta fi su duka nauyi ta ajiye bokitinta ta hau tana cewa ita dai a rubuta sunanta cikin fasinjan farko. Ƙarfen ya yi ƙasa har zoben suka kusa haɗuwa. Baba ya ce, “Wanda ya motsa, Allah ya isa.” Na kwanta a gefe na zura hannu. Wuri uku zan ɗaure, kowanne ninki takwas. Ciki duhu, tsatsa na zuba mini a ido, ina jin numfashin mutum huɗu a saman kaina. Na gama na farko. Na gama na biyu. Ina cikin zura na uku sai garin tabar da Baba Shekwolo ya shaƙa kafin ya hau ya tashi aiki. Tsohon ya yi ta kokawa da hancinsa, ya toshe, ya cije, ina! Ya saki atishawar da sai da kaza ta tashi sama. Motar ta yi ƙasa ta dawo, ta haɗa da kan yatsana na tsakiya.

Ban yi ihu ba. Ba jarumta ba ce, na san in na yi za su dire gaba ɗaya, waya biyu kuma ba za su riƙe ba, aikin ya lalace. Na cije leɓe, na ƙarasa zagayen da jini yana bin gwiwar hannuna, na soka ƙusa na murɗa. Sai da na ji ta kama na ce su sauka. Da na zaro hannun, farcen ya tsage biyu ya ɗage. Mai kunu ta ɗora hannu a ka ta yi kan tsohon, “Kai Baba, da hancinka za ka yanke wa yaro hannu? Ka zubar da tabar nan ko in zuba maka ita a kunu!” Shi kuwa sai haƙuri yake bayarwa da Hausa da Gwaranci, ya ruga gona ya tsinko wani ganye ya tauna ya manna mini. Baba ya kama hannun ya duba, ya yage gefen rigarsa ya ɗaure, ya ce, “Ka iya ci gaba?” Na ce na iya. Labulen Inna ya motsa, ya koma.

Aka ɗaga mota. Sifirin ya tsaya a matse, wayata ta riƙe shi. Baba ya kwance noti uku na sama da biyu na ƙasa, muka zaro ƙafar gaba ɗaya muka kwantar a ƙasa. Saura notin tsakiya, wanda ya zubar wa mutumin Apo haƙora. Baba ya juya bakin abin ya kalli bangon da aka shafa wa fenti, ya ce in zai tashi ya taya masu rusau aikin. Ya kori kowa zuwa bayan ɗakin girki, ya ce da ni in bi su. Na ce ni na ɗaura. Ya kalle ni, ina jin ranar ce ya fara kallona ido cikin ido, sai ya ce in taka masa gindin da ƙafa. Ya yi bisimilla ya sa sufana. Kowane juyi sai wayar ta yi wata 'yar ƙara siririya. A juyi na ƙarshe zare ɗaya ya tsinke, ƙas, ya wuce ta gefen kunnena. Notin ya faɗo a tafin Baba. Sifirin bai motsa ba. Muka ɗauke shi mu biyu kamar ƙwai, muka zura a sabuwar shoka, Baba ya mayar da notin ya ɗaure, sannan ya zauna daɓas a ƙasa. Kafin la'asar sakaliya mun sa bol-joyin, mun mayar da ƙafar dama, an sauke motar a kan tayarta, na bi wayoyin da filaya na datse.

Ran Lahadi muka yi ta hagu. Wannan karon an ƙwace kwalbar taba tun daga ƙofa, mai kunu ce ta riƙe ta a ɗaurin zaninta, tsohon kuma ya fasa zuwa coci ya ce Allah ya san inda yake. Da yatsa huɗu na yi ɗaurin, ya kuma fi na jiya kyau. Da azahar motar ta tsaya da ƙafafunta, hanci a sama, karon farko a wata bakwai. Sauran yinin a kan rufi muka ƙare shi, muna zare ƙusa muna sauke kwano, don kwano da ƙofa su ne abin da talaka ke iya cetowa daga gidansa. Da ragowar wayata aka ɗaure su duka a saman motar.

Litinin da hantsi muka ji rugugin katafila daga bakin layi, da 'yan sanda a gaba. A ranar ce ake fara jarrabawar ƙarshen zango a makarantarmu, babu wanda ya tuna, har ni. Muka cire shingen langa-langa. Baba ya shiga ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Inna da ƙannena suka shiga baya da tukwane da katifa a naɗe, turmi kuma Baba ya ɗauko shi da kansa ya sa a gidan gaba, ya ce in zauna in rungume shi. Muka gangara rafin nan, ramin da ya karya ta yana nan. Baba bai kauce masa duka ba, ya bar tayar dama ta ɗan taɓa bakinsa. Motar ta lotsa, ta dawo, ko ƙis ba ta yi ba. A hayin rafin Baba Shekwolo yana tsaye a ƙofar gidansa, su 'yan asali ba a shafa musu fenti ba a wannan zuwan. Ya tare mu da doya biyar, ya leƙo ta taga ya ce, “Malam Hudu, ashe kai makanike ne ba mu sani ba.” Baba yana kallon hanya, hannunsa biyu a sitiyari, ya ce, “Ba ni ba ne. Aikin Isuhu ne.” Na ji Inna ta ja numfashi a baya. Ni kuwa na kifa fuskata a bakin turmin kamar warin daddawar da ke ciki ne ya shige mini ido. A bayanmu aka fara jin bango yana faɗuwa, ban ko waiga ba.

A Lugbe muka sauka, can ciki inda babu titi, muka kafa ɗaki da kwanon da muka zo da shi. Makarantar da ke kusa ta cika, an ce a dawo zango mai zuwa, zango mai zuwa aka ce takardar canji, makarantar da za ta ba ni takardar kuwa rabin malamanta rusau ya watsa su. Haka aka yi ta yi har abin ya bi ruwa. Karatuna ke nan, aji biyu. Waɗanda a da nake gyara wa motar waya su ba ni gyaɗa, yau wasunsu ke miƙo mini makulli ta taga ba tare da sun gane ni ba, ni ma ba na tuna musu. Motar ta yi shekara shida tana zirga-zirga a hanyar filin jirgi, ita ta ciyar da mu, ita ta aurar da ƙannena, ƙafar gabanta kuma ba a sake taɓa ta ba har injin ya mutu. Baba bai daɗe ba ya bi ta. Bai sake kiran sunana ba, ko a gadon asibiti “kai” ya ce mini. Ban kuma nema ba.

Yanzu na doshi arba'in, ina da rumfa a Apo, gyaran ƙafar mota kawai nake yi. Ƙarfen matse sifirin guda uku gare ni, duk wanda ya zo aro kuma ina ba shi, ko ban san shi ba. Inda gidanmu yake an yi wasu benaye masu fenti ruwan madara, da ƙofar ƙarfe da maigadi. Na taɓa tsayawa ina leƙe, ya ce wa nake nema, na rasa sunan da zan faɗa. Gonar Baba Shekwolo ta zama wurin ajiye motoci, rafin an binne shi a kwalbati. Yaran unguwarmu ba su san motar waya ba, in ka ba su waya ma tambaya za su yi ina allonta. Turmin yana wurin Inna har gobe, da shatin ƙarfe a gindinsa, ba ta bari a daka komai a ciki. Farcen nan bai sake fitowa daidai ba, a karkace yake, a tsage. Garin nan ya karɓe mini gida da makaranta bai ce sannu ba, amma in na gaji na zauna a kan benci, farcen nake kallo. Sau ɗaya ubana ya kira sunana, kuma da hannuna na sa ya kira.